Kakkauran mai ko ƙari a kan sifirin: amsa ga mai tsohon babur CG125

Ɗan'uwanmu ya kawo tambaya a kan tsohon babur ƙirar Honda CG125 da ya gada daga mahaifinsa. Ya ce da zarar ya kama birkin gaba sai kan babur ɗin ya yi ƙasa kamar raƙumi zai durƙusa, idan kuma ya faɗa rami sai ya ji ƙarfe ya bugi ƙarfe har cikin kafaɗunsa. Ya kai wa makanikai biyu. Na farko ya ce a zubar da man da ke cikin shakazobar gaba a ɗura baƙin mai na inji mai kauri, na biyu kuwa ya ce mai ba shi da laifi, sifirin ne ya gaji, a yanko guntun bututu a ɗora masa a kai. Yana so ya san shawarar da zai bi kafin ya kashe kuɗinsa.

Malam, makanikan nan biyu ba cuta ɗaya suke yi wa magani ba, ko da yake alamar da ka kai musu ɗaya ce. A cikin kowace ƙafa ta shakazobar akwai sifirin da mai, kuma aikinsu ya rabu. Sifirin ne yake ɗauke da nauyi, shi yake yanke iya zurfin da kan babur zai nutse. Mai ba ya ɗaukar nauyin komai, abin da ke hannunsa shi ne saurin nutsewar da saurin dawowar. Wanda ya riƙe wannan bambanci ba zai bari a sayar masa da maganin gudu alhali ciwon zurfi yake fama da shi ba.

Bari in fara da shawarar mai, domin ita aka fi ji a bakin gareji, ita ce kuma ta fi yaudara. Honda ta fitar da CG125 a 1975, ta kuma ƙera shi ne musamman saboda ƙasashen da ake wahalar da babur ba tare da kulawa ba, shi ya sa komai nasa ya kasance mai sauƙi, har da shakazobar. A ƙasan kowace ƙafa akwai wata sanda mai rami a ciki da 'yan huji a jikinta, idan ƙafar ta matsu sai mai ya kutsa ta waɗannan huji. Girman hujin ba ya canzawa, kuma a nan matsalar take, domin turjiyar da mai yake yi a ƙaramin huji ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da sauri: idan saurin motsi ya ninka sau biyu, turjiyar takan ninka kusan sau huɗu. Kama birki motsi ne na sannu, saboda haka mai yana wucewa cikin sauƙi, kai ya yi ƙasa. Bugun bakin rami ko dutse kuwa motsi ne na ƙiftawar ido, sai man ya kasa wucewa, ƙafar ta ƙage, bugun ya hau hannun mai tuƙi. Irin wannan shakazoba a ɗabi'arta tana laushi inda ake son ƙarfi, tana tauri inda ake son laushi, kuma haka abin yake a baburan China da aka kwaikwayo daga wannan ƙira.

To idan aka ɗura baƙin mai, dukkan ɓangarorin biyu ne suke ƙaruwa tare. Lambobin da ke jikin robobin man shakazoba, wato 5W da 10W da 15W, ba su da tsayayyen ma'auni tsakanin kamfani da kamfani, ainihin kaurin mai ana auna shi ne da wani ma'auni da ake kira santistok, a zafin digiri 40. Jan man giyar mota mai atomatik, wanda aka fi sani da ATF, yana kusa da 35, kuma shi Honda ta rubuta a littattafan tsofaffin baburanta da dama a matsayin man shakazobar gaba. Baƙin mai 20W-50 da ake zuba wa inji yana wajen 150 ko fiye, wato ya ninka shi sau huɗu da ɗoriya. A ranar farko mai babur zai ji daɗi, zai danna kai a tsaye ya ji ya yi ƙarfi, ya biya ya tafi yana godiya. Amma idan ya riƙe birki na daƙiƙa biyu ko uku a gangare, kan zai kai zurfin da ya saba kaiwa, jinkiri kawai ya samu, tunda sifirin ɗin nan da ya gaji shi ne dai yake ɗauke da nauyin.

Abin da ya fi wannan muni yana bayyana a hanya mai gargada. Kakkauran mai yana hana ƙafar dawowa da wuri, kafin ta miƙe daga bugun farko na biyu ya iso, sai ta riƙa taruwa tana ƙara yin ƙasa har ta ƙare tafiyarta, taya kuma ta koma tsalle maimakon ta lizimci ƙasa. Tayar da ke tsalle ba ta kama birki, ba ta kuma riƙe kwana. An gudu ba a tsira ba ke nan. Ga kuma sauyin yanayi: da asubahin hunturu man zai yi kauri kamar zuma, da azahar ɗin watan Afrilu ya saki, babur ɗaya ya zama yana da hali biyu.

Duk da haka makaniken farko bai yi kuskure ba da ya ce a taɓa man. Na taɓa kwance shakazobar wani tsohon babur nawa da na yi shekaru ina hawa ba tare da na tuna akwai mai a cikinta ba. Abin da ya fito daga ƙafar dama bai cika rabin kofin shayi ba, launin toka ne, tsululu kamar ruwan wanki, yana wari, da ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ƙasan kwanon. Ta hagu kuwa sai da na yi ta dannawa kafin ta ɗigo da 'yan ɗigo. Da irin wannan nake tafiya ina zargin hanya. Babur da ya kai shekarun naka, mai yiwuwa abin da ke cikinsa bai fi haka ba, saboda haka canjin mai wajibi ne, kaurin da aka ba ka shawara ne kawai ban yarda da shi ba.

Shawarar makanike na biyu ta fi kusa da inda gizo yake saƙa, amma ita ma tana da iyaka da ya kamata a sani. Sifirin da ya shekara talatin ko arba'in yana ɗauke da kai yakan rage tsawo, sai babur ya zauna ƙasa tun kafin a hau shi, ya cinye wani kaso na tafiyar da ya kamata ya ajiye wa rami. Guntun bututun da za a ɗora yana maido da wannan tsawo: ƙarin milimita 10 yana ɗaga kai da kimanin milimita 10. Abin da ba ya yi shi ne ƙara wa sifirin ƙarfi. Sifirin da yake matsuwa da milimita ɗaya a kan kowane rabin kilo zai ci gaba da yin haka ko an ɗora masa bututu ko ba a ɗora ba, wurin da yake fara aiki ne kawai ya matsa sama. Idan aka zarce da ƙari, ƙafar za ta riƙa miƙewa har ƙarshe tana ƙwanƙwasa a duk lokacin da taya ta bar tudu, kuma zoben sifirin na iya haɗewa da juna kafin ƙafar ta gama tafiyarta.

Fifikon wannan hanya a wurina shi ne ana iya auna ta da rula, ba sai an dogara da abin da hannu ya ji ba. Ka kafe babur a kan tsayawar tsakiya, wani ya danna baya har tayar gaba ta bar ƙasa, ka auna tsawon farin bututun da ke bayyane daga bakin robar ƙura zuwa ƙarfen da ya riƙe ƙafafun biyu. Idan naka mai rigar roba ne, sai a zame ta sama tukuna. Daga nan ka sauke shi, ka auna yana tsaye shi kaɗai, sannan ka hau ka zauna yadda ka saba, ƙafafunka a kan mataki, wani ya riƙe maka, a sake aunawa. Bambancin awon farko da na ƙarshe ya kamata ya faɗa tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da kashi ɗaya cikin uku na dukkan tafiyar ƙafar. A ƙafar da take tafiyar milimita 120, ana neman 30 zuwa 40 ke nan. Idan ka sami 55, ka gano dalilin bugun ƙarfen da kake ji, kuma ƙarin milimita 15 zuwa 20 zai gyara zaman. Bututun ya zama daidai faɗin sifirin, a yanke bakinsa a miƙe, a sa washa ta ƙarfe tsakaninsu, kuma na dama da na hagu su zama tsawo ɗaya.

Awon tsakiya, wato na babur shi kaɗai, shi ne yake tona asirin sifirin. Idan ka ƙara bututu har zamanka ya yi daidai, amma da ka sauka sai kan ya miƙe gaba ɗaya bai nutse ko kaɗan da nauyin babur ba, to sifirin ya yi wa nauyinka laushi, bututu ba zai warkar da shi ba. A nan sai dai sabo, ko kuma a yi dabarar tsofaffin makanikai ta rage zobe. Mutane da yawa suna mamaki idan aka ce yanke sifirin ƙarfi yake ƙara masa, amma haka ne, domin kowane zobe yana ba da nasa kason matsuwa, idan zobba suka ragu sai jimillar matsuwar ta ragu. Sifirin mai zobe 40 idan aka cire 4 ƙarfinsa yakan ƙaru da kimanin kashi 11 cikin 100, sai a cike gurbin abin da aka yanke da bututu, a kuma goge bakin ya kwanta sosai. Sai dai abin da aka yanke ba ya komawa, kuma ina ganin wanda zai iya samun sabon sifirin mai kyau bai kamata ya kai ga wannan ba.

Akwai abu na uku da makanikan biyu ba su ambata ba, alhali shi ya fi dacewa da kukanka na bugun ƙarfe, kuma kusan kyauta ne. Iskar da ta rage a saman mai a cikin ƙafar ita ma sifirin ce, irin wadda ba ta cewa komai a farkon tafiya sai an kusa ƙarshe ta taso da ƙarfi. Idan aka ɗaga tsayin mai, wurin iskar ya ragu, ƙarshen tafiyar ya yi tauri, farkonta kuma ya zauna da laushinsa. Ana auna wannan ne bayan an zare sifirin an danne ƙafar har ƙasa, daga bakin bututu zuwa fuskar mai. Ka fara da adadin da littafin babur ɗinka ya faɗa, domin yakan bambanta daga shekarar ƙira zuwa wata, ka daddanna ƙafar sau goma ko fiye iska ta fita, ka rubuta awon. Idan har yanzu tana bugawa, ka ƙara milimita 10, ka daidaita ƙafafun biyu da sirinji da ɗan siririn tiyo. Kada ka yi wannan ƙarin fiye da sau biyu, domin ƙafar da aka cika da mai ba ta da wurin matsuwa, kuma robar da ke tare mai ce za ta fara fashewa.

A ƙasashen waje masu tsofaffin babura suna sa wani ƙaramin bawul a kan sandar mai hujin, irin wanda kamfanin Race Tech na Amurka da YSS na Tailan suke yi, a faɗaɗa hujin asali a bar wa bawul ɗin aikin, sai a sami ƙarfi a birki da laushi a rami lokaci guda. Gyara ne na gaske, amma a kan CG125 na zuwa kasuwa da gona ban ga kwalliya za ta biya kuɗin sabulu ba.

Da ni ne kai, zan wanke cikin ƙafafun da kananzir in bar su su tsane, in zuba ATF ko man shakazoba 10W, in gyara zama da bututu gwargwadon abin da rula ta nuna, sannan in koma kan tsayin mai. Sai idan bayan duk wannan kan yana lilo sau biyu ko uku bayan an danna an saki ne zan matsa zuwa 15W, ba zan kuma wuce nan ba. Yayin buɗe murfin sama a ɗaga tayar gaba, a kuma danne murfin da tafin hannu, domin sifirin yana iya harbo shi a fuska.

Tun da an riga an kwance, a mirgina kowane farin bututu a kan gilashi a ga ko ya lanƙwashe, domin baburan da suka daɗe da wuya a sami wanda bai taɓa karo ba, kuma lanƙwasasshen bututu yana ƙagewa ko wane irin mai aka zuba. A bi jikinsa da farce a ji ko tsatsa ta huda shi a inda roba take gogawa, in ta huda to sabuwar roba ba za ta yi wata guda ba ta fara yoyo, ƙurar hunturu kuma ta manne a jiƙaƙƙen wurin ta zama kamar yashin goge ƙarfe. A girgiza kan gaba da baya a ji ko ƙwallayen da wuyan babur yake juyawa a kansu sun saki, saboda ƙararsu tana kama da ta shakazoba ƙwarai. Wajen gwaji kuma ka ɗaura siririn zare a jikin bututun dab da robar ƙura, ka bi hanya ɗaya da ka sani da ramukanta, ka kama birki da ƙarfi sau biyu a wurin da babu mutane, sannan ka duba inda zaren ya tsaya. Idan ya rage kamar milimita 10 kafin ƙarshen tafiya, ka bar shi haka. Idan ya kai maƙura, ka canza abu ɗaya tak, ka mayar da zaren ƙasa ka sake bin hanyar.