Darasin tarihin Sin da na saya a intanet: ya ci kuɗinsa, amma da gyara

Darasi ne na murya, da Turanci, ana biya wata-wata a saurara a waya. Ya ɗauko tarihin ƙasar Sin daga daular Tang, 618 zuwa 907, ya dire a faɗuwar daular Song a 1279. Abin da ya sa na yi rajista shi ne malamin ya ce ba labarin sarakunan Sin kaɗai zai bayar ba, har da na maƙwabtansu makiyaya na arewa. Ya kuwa cika alkawari.

Inda ya fi burge ni shi ne babin Song da Kitan, masu daular Liao. Mu da muka tashi da labarin Babbar Ganuwa, a zatonmu Sinawa na ciki suna mulki, sauran kuwa mahara ne kawai a bayan katanga. Ashe ba haka ba ne. A yarjejeniyar Chanyuan ta 1005, sarkin Song ne ya amince zai riƙa aika wa Kitan bandir 200,000 na siliki da azurfa awo 100,000 a ma'auninsu na liang duk shekara, sarakunan biyu kuma suka riƙa kiran juna wa da ƙane. Malamin bai ɗauki wannan a matsayin abin kunya ba, lissafi ya baje. Ciyar da runduna a bakin iyaka ya fi wannan tsada nesa ba kusa ba, kuma azurfar da yawa tana komowa gida ta kasuwannin kan iyaka. Zaman lafiyar ya haura shekara 100.

Ya kuma warware min dalilin da ya sa ƙasar da ta fara buga kuɗin takarda, take da albarushi da injin ɗab'i na katako, ta kasa murƙushe makiyaya. Doki ne. Filayen kiwon suna hannun Kitan da Tangut, wata al'umma ta arewa maso yamma, shi ya sa a 1074 gwamnatin Song ta kafa hukuma guda a Sichuan don musayar ganyen shayi da dawakan mutanen Tibet.

Sai kuma ta'asar da Song suka yi wa kansu har sau biyu. Suka haɗa kai da Jurchen, wata al'umma ta arewa maso gabas da ta kafa daular Jin, aka rusa Liao a 1125, shekara biyu tsakani Jurchen ɗin suka ci Kaifeng, babban birnin Song, suka tasa ƙeyar sarki da mahaifinsa zuwa arewa. A 1234 suka sake taya Mongolawa gamawa da Jurchen, ƙarshe Mongolawan suka haɗiye su. Wannan babin sai da na maimaita shi.

To, sai dai ɓangaren Tang an yi masa shan ruwan tsuntsaye. Yaƙin Talas na 751, inda rundunar Tang ta gwabza da ta Abbasiyawa, jimla kaɗan ya samu. Tawayen da wani janar na Tang mai suna An Lushan ya yi a 755 da yadda 'yan Uigur suka taimaka aka ƙwato babban birnin Chang'an ma a gurguje aka wuce su. Musulmin da suka zauna a biranen gaɓar teku na Guangzhou da Quanzhou suna fatauci kuwa sai a ƙarshen wani babi aka taɓo su, alhali masallacin Quanzhou tun 1009 aka gina shi.

Taswirorin da ke haɗe da darasin ƙanana ne, in ka buɗa su a waya rubutun ya dushe. Sunayen kuma malamin na furta su da sauri babu rubutacce a gabanka, sai ka rasa Jin ya ce ko Qin. Manhajar ba ta barin a sauke babi a ajiye, don haka data take sha ba kaɗan ba, in sabis ya yanke kuma ta mayar da kai farko.

Wanda zai saya ya nemi taswirar Asiya babba ya ajiye kusa, ya kuma kashe sabunta rajista tun ranar farko, don ni sai saƙon banki na gani an cire min kuɗin wata na biyu.