Izini ta matsayi ko na mutum ɗaya-ɗaya: wanne ya fi saukin ganewa?

Malam, ka ce mutum tara ne ke da hannu a shafin ƙungiyarku ta tsofaffin ɗalibai a Daura, kuma ba wanda ya san inda ikonsa ya tsaya. Kana tambaya ko ka raba su bisa matsayi, ko ka zauna ka tsara wa kowa nasa izinin.

Tunda da WordPress, manhajar gina shafukan intanet, kuka gina shafin, hanyar farko tana nan a shirye. Matsayi biyar ne: admin, edita, marubuci, mai gudummawa da mai rajista. A 2005 aka kawo wannan tsari. Kafin nan lambobi ake ba mutane daga 0 zuwa 10, sai ka yi ta lalube kafin ka gane me mai lamba 4 ya fi mai lamba 3 da shi. Edita yana gyara rubutun kowa, ya wallafa, ya goge, amma ba ya ƙara sabon mutum, ba ya sauya fasalin shafi. Wannan na admin ne.

Aibin hanyar shi ne suna ba ya faɗin komai da komai. Mai gudummawa yana rubutu amma ba ya wallafawa, kuma ba ya iya ɗora hoto. Ka ɗauka yaronku mai wannan matsayi ya sha rana a ƙofar fada ranar hawan Sallar Gani, wayarsa cike da hotunan dawaki. Ya buɗe shafi da daddare, ya nemi wurin ɗora hoto ya rasa. Ba saƙon da zai ce masa hana shi aka yi, wurin ne kawai babu. Sai ya kira ka ya ce shafi ya lalace. Shi kuwa marubuci yana iya goge duk abin da ya taɓa wallafawa, kuma yawanci sai ranar da aka ɓata ake gano haka.

Hanya ta biyu sai an ƙara manhaja irin User Role Editor. Za ta jero maka akwatuna da yawa, ka buɗe wa wannan, ka rufe wa wancan. Ranar farko daɗi, kamar ɗinkin da tela ya auna. Bayan wata shida fa? Ba mai tuna dalilin da ya sa ma'aji ke iya goge labarin sakatare, in an canza shugabanni kuma sabon sakatare sai dai a yi masa cinta.

Ni dai matsayi zan zaɓa, in yi amfani da waccan manhajar sau ɗaya: in ƙirƙiri matsayin wakili, mai rubutu da ɗora hoto amma ba ya wallafawa. Sannan ka rubuta wa kowane matsayi layi biyu da Hausa, abin da zai iya da abin da ba zai iya ba, ka tura musu a WhatsApp. Admin kada su wuce biyu, ko da shugaba zai ga an rage masa girma.

In wani ya bar ƙungiya za ka cire shi, WordPress zai tambaye ka ko a goge rubuce-rubucensa ko a mayar da su ƙarƙashin sunan wani. Ka zaɓi na biyun, ka mayar wa edita.