Jar fitilar mai ta kama a motata a Ingila, ga yadda muka ƙare

Salam 'yan uwa na gida, da fatan kowa lafiya. Yaya kai da kake tambayata wai yaya gyaran mota yake a nan Birmingham, to ga labari ya samu. Tsohuwar motar nan tawa 'yar Japan ƙirar 2006 ce ta fara kunna jar fitilar nan ta baƙin mai, mai kama da butar shayi a dashbod, in na tsaya a danja sai ta riƙa ƙyafƙyaf, in na taka wuta ta ɗauke. Na faka na zaro gejin baƙin mai, mai cike yake, injin kuma babu wata ƙara.

A nan ba kamar gida ba ne da za ka tura mota ƙarƙashin bishiya oga ya aiko yaro da sufana. Sai ka yi bukin tukuna, a ba ka rana, kuma kuɗin aiki da awa ake lissafa shi, ko dubawa kawai aka yi sai ka biya. Wallahi wannan ya min ciwo, don abin da ya lalace ɗan ƙaramin ƙarfe ne bai kai babban yatsa biyu ba, oyil suwic, mai kunna fitilar in ƙarfin mai ya ragu, wanda ake ɗaurawa a jikin injin kusa da filtar mai, kuɗinsa bai kai fam 20 ba amma kuɗin hannu ya ninka shi sau nawa.

Amma fa gaskiya akwai abin da ya burge ni kuma shi ne dalilin rubutun nan. Bakaniken bai canza komai ba sai da ya kwance suwic ɗin ya ɗaura agogon awon ƙarfin mai a gurbinsa, ya tada mota ta yi zafi, ya duba tana silo ya duba an taka wuta. Ya ce fitilar nan abu biyu take nufi, ko suwic ne ya tsufa yake ƙarya, ko kuma da gaske famfon mai ya gaza ko rariyar da ke cikin kaskon mai ta toshe da dauɗa, in kuwa na biyun ne mintuna kaɗan sun isa injin ya buga. Nawa dai Alhamdulillah ƙarfin mai lafiya lau, suwic ɗin ne ya fara yoyo har mai ya jiƙa soket ɗin waya.

Sayen kaya kuwa sauƙi kamar me. Ka shiga shafin Euro Car Parts ko eBay ka rubuta lambar motarka kawai, su fito maka da wanda ya dace, da rasit, in bai yi ba ka mayar. Ba yawo da tsohon a aljihu ana gwadawa shago shago kamar yadda muke yi a Ƙofar Ruwa ko Panteka, ana ce maka wannan Beljiyom ne wannan sabo ne kai dai sai addu'a. Sai dai na yi kewar ciniki, nan babu "oga rage min", babu bashi zuwa ƙarshen wata, kuma kanikawanmu na gida sun fi su dabarar raya abin da ya mutu nesa ba kusa ba.

Ga kuma MOT, gwajin da ake wa duk motar da ta kai shekara 3 kowace shekara, tun 2018 yoyon mai in ya yi yawa yana kayar da mota a gwajin, shi ya sa ba a wasa da shi. Tsohon baƙin mai ma ba a zubarwa a kwata, wurin tara shara na ƙaramar hukuma ake kaiwa.

Yaya dan Allah, waccan motar taka da ka ce an cire wayar fitilar don tana damunka, a mayar da ita. Ka sa a nemo mai agogon awo a gwada, in suwic ne turo min lambar injin in sako maka guda biyu a kayan da zan aiko.