Garejin da ya gano abin da ke shanye baƙin man motata

Camry ce ta 2008, wadda ake ce wa Muscle, mai injin 2.4, 'yar Amurka da na saya a matsayin Beljiyam. Aikina yana Zariya, iyali suna Unguwar Rimi a Kaduna, don haka ni da hanyar nan kullum muna tare. Ran nan ina hawa gadar Kawo sai fitilar mai ta yi wal ta ɗauke. Na sauka gefe, na zaro geji na goge, na mayar na sake zarowa: bushe ƙamas. Alhali ko wata biyu ban yi da juye ba, kuma ban taɓa ganin ɗigon mai a inda nake ajiye ta ba.

Bakaniken da na saba zuwa wurinsa ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce man ne ya yi ruwa-ruwa. Ya ɗura mai kauri, 20W-50, ya ƙara da wani na gwangwani mai kauri kamar zuma. Bayan mako uku na koma da kukan nan dai, sai ya ce injin ya gaji, a sayo wani kawai.

Wani abokin aikina ne ya tura ni wurin wani dattijo a gefen Panteka. Wurin ba abin kallo ba ne. Rumfar kwano ce, benci ɗaya, ƙasa ta yi baƙi ƙirin, in rana ta take sai ka nemi inuwar motar wani. Na zayyana masa komai, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, mai ba ya da ƙafa. Ko dai yana zuba, ko yana ƙonewa. Bar min ita ta kwana, gobe ka zo da sassafe."

Da na zo, na tarar ya sa an wanke injin, an shimfiɗa kwali a ƙarƙashi. Kwalin fes, sai ɗan gumi a gefen gaskit ɗin murfin sama, wanda ya ce bai isa ya cinye lita ba. Ya sa yaronsa ya tayar da motar, mu biyu muka tsuguna bayan salansa. Ya ce shuɗin hayaƙi da ke fita da tashin farko ya ɗauke, galibi sil ɗin bawul ne. Wanda ke biyo taka totur kuma, a zargi ringin fistan. Farin hayaƙi mai yawa da ba ya yankewa ruwa ne, wannan wata magana ce daban. Tawa hayaƙin kaɗan ne ƙwarai, amma da ya zura yatsa cikin salansa sai ya fito da baƙin maiƙo. Ya kwance wani ɗan bawul a murfin injin, PCV, ya girgiza shi a kunnena, shiru, ya toshe. Mai lafiya ƙacau-ƙacau yake yi. Ya canza shi, da filtar iska da ƙurar hunturu ta cika.

Abin da ya sa na yarda da shi shi ne bai ce an gama ba, bai kuma ce a sauke inji ba. Ya yi sabon juye da 5W-20, wanda aka rubuta a murfin man tun daga kamfani, ya nuna min inda mai ya tsaya a geji, ya rubuta lambar mil a bayan kwalin filta ya ba ni. "Je ka yi ta zirga-zirgarka, kada ka ƙara ko cokali. Kullum da safe ka duba, ranar da ya kai ɗigon ƙasa ka dawo."

A mil 700 na dawo. Daga baya na karanta cewa Toyota da kanta ta san da wannan ciwo a injin 2AZ-FE, irin na motata, na Camry 2007 zuwa 2009, har ta fitar wa dillalanta takarda a 2011, kuma ma'auninta shi ne, in inji ya shanye sama da kwat ɗaya, wato kusan lita ɗaya, a mil 1,200, to yana da ciwon. Baba bai san lambar takarda ba, amma ya san ciwon. Da aka buɗe injin, ya miƙo min fistan a hannu. Ringi biyu na sama suna motsi, na ukun mai share mai ya manne da baƙin gawayi, 'yan ƙananan hujojin da mai ke komawa ƙasa ta cikinsu duk sun liƙe. Shi ya sa gwajin matsin silinda da aka yi ya fito lafiya lau alhali mai na ƙonewa. Aka sa sababbin fistan da ringi, aka canza sil ɗin bawul tunda an riga an buɗe.

To, sai dai a shirya haƙuri. Kwana huɗu ya ce min, sai da muka yi goma sha ɗaya. Waya kuwa, in ka kira sau biyar ya ɗauka sau ɗaya ka gode Allah. Kaya kai za ka biya, amma tare da yaronsa za ku shiga kasuwa, kuma sau biyu yana mayar da mu don ringin bai yi masa ba. Kuɗin aikinsa ya fi na sauran tsada, ba ya kuma rage ko sisi. Na ce, "Baba, a duba mana." Ya ce, "Na duba, Malam, shi ya sa na faɗi haka." Yaran kuma sun bar min tambarin hannu a kujerar gaba, sai da na kai wanki.

Wata huɗu ke nan. Na yi juye sau biyu, na je Kano na dawo ban da Zariyar da na saba, mai bai sauka ya wuce faɗin farce a geji ba. Galan ɗin da nake yawo da shi a but har yanzu yana nan da murfinsa a rufe.