Hattara da mai saida bis ɗin ƙananan jiragen ƙasa a WhatsApp

Salamu alaikum 'yan uwa. Na san mu masu haɗa ƙananan jiragen ƙasan nan na cikin ɗaki ba mu da yawa a Yamai, kusan duka mun san juna, shi ya sa ba zan yi shiru ba a cuci wani kamar yadda anka cuce ni.

Ina da tarago shida na HO, wato girman nan da anka rage jirgi sau 87, ƙirar Amurka ne tsofaffi, ni da yarona muke ɗora su bisa layin dogo da munka shimfiɗa a kan teburi. Uku daga ciki bis ɗin da ke riƙe boji sun ɓata, boji shi ne ɗan keken nan mai ƙafa huɗu da ke ƙarƙashin tarago, ɗaya gaba ɗaya baya, kowane bis guda ke riƙe shi kuma a kansa yake juyawa in an zo kwana. Na zaga kasuwar Katako na zaga kasuwar Wadata, har wurin masu gyaran gilashin ido da rediyo na je ban samu daidai ba, don taragon Amurka galibi bis ɗin inci suke ci, wanda ake ce ma 2-56, mu ko nan kusan komi na milimita ne.

Sai ga wani a gurup ya saka hoto, wai yana da 2-56 na tagulla zalla, ɗari cikin leda, kaya sun taho ta Lome. Maganarsa da daɗi, Alhaji kaza Alhaji kaza, har da wallahi ba ya cin haram. Ya ce jika 15 kuma sai an tura kuɗi tukuna. Na tura. Bayan kwana huɗu wani yaro mai moto ya kawo min leda ƙofar gida, kafin in kwance ta ya wuce.

Da dare na zauna da turnabis, yaro na riƙe min toci. Bis na farko ya shiga juyi biyu ko uku lafiya lau sai ya cije, na ce ko datti ne cikin ramin na ƙara matsawa kaɗan, kawai sai na ji ya saki yana juyawa banza, da na zaro shi ga garin roba fari a jikinsa, ya cinye haƙoran ramin gaba ɗaya. Abin da ya aiko bis ɗin milimita ne, wanda ake ce ma M2. A ido kusan ba ka bambanta su amma 2-56 kaurinsa wajen milimita 2.2 ne kuma haƙora 56 ne a inci guda, shi ko M2 milimita 2 ne cif kuma haƙoransa sun fi matsuwa, 0.4 tsakaninsu, to ramin da anka yanka ma wancan ba ya karɓar wannan, farko ya yi kamar za shi, daga baya ya lalata maka. Kuma ba ma iri guda ba ne cikin ledar, ya cakuɗa da masu tsinin baki irin na bayan rediyo da kayan wasan yara, na gwada ɗaya a tarago na biyu, ina murzawa na ji ƙas, ɗan ginshiƙin da boji ke zama kansa ya tsage gida biyu. Yaron ya dube ni ya ce Baba ya karye? Wallahi wannan ta fi kuɗin ƙona min rai.

Batun tagulla ma ƙarya ce. Na ɗauko maganaɗisun tsohuwar sifika na kusanto da shi, duka sunka taso sunka manne, tagulla ko maganaɗisu ba ya kama ta. Baƙin ƙarfe ne anka shafa ma ruwan ɗorawa. Bis na ƙarfe ba laifi ba ne, mutane da yawa da shi suke aiki, amma a gaya maka gaskiya a saida maka da kuɗinsa.

Na kira shi, ya ce haba Alhaji ai bis bis ne, kai ne ba ka iya ɗaurawa ba. Na tura mai hoto, ya toshe ni. Da na yi magana a gurup wani bawan Allah daga Tawa ya ce shi ko ledar ma bai gani ba, kuma da wata lamba dabam anka karɓi nasa kuɗin, hoton dai shi ne.

Don Allah duk mai saye ya je da taragon a hannu ya gwada, ya tafi da maganaɗisu. Bis na gaskiya da yatsa biyu yake shiga har ƙarshe, in ya cije ka tsaya nan, kar ka tilasta. Ka duba kan ya zama shafaffe ta ƙasa, mai kai kamar mazurari yana danne boji ya hana shi juyi. Tsawo kuma wajen kwatan inci, kamar milimita 6, yana isar yawancin tarago, in ya wuce sai ya huda ƙasan ko ya daki ƙarfen nauyi da ke ciki. In kana ɗaurawa boji ɗaya ka matse shi daidai yadda zai juya kawai, ɗayan ka bar mai ɗan sako-sako yana ɗan rawa, da haka tarago ke bin layi ko wurin da bai daidaita ba ba tare da ya kauce ba.

Nawa biyun yanzu na cike ramukan da guntun roba da gam, jira nake su bushe in huda da bakin milimita 1.8 in sake yanka haƙora. Taro na 2-56, wato ɗan ƙarfen da ake yanka haƙora cikin rami da shi, shi ne ba ni da shi, in akwai mai shi nan Yamai ya taimaka ya ara min na kwana biyu, ni zan zo in karɓa in maido da kaina. Hoton da mutumin ke yawo da shi yana wurina, leda ce mai jan layi a baki bisa farar takarda, mai son gani ya yi min magana in tura mai.