Kindle Paperwhite: gwani wajen sa ka gama littafi, rago wajen mayar da kai gare shi

Mai karanta littattafan gyaran hali, tarbiyyar kai da neman ma'anar rayuwa yana son abu biyu daga na'urar karatu. Ya iya zama da littafi har ya kai ƙarshensa, sannan bayan wata uku ko shida ya iya komawa wuraren da suka ratsa shi. Kindle Paperwhite ya ƙware a na farko. A na biyun kuwa, sai mai shi ya tallafa masa.

Kamfanin Amazon ya fitar da Kindle na farko a 2007, Paperwhite kuma a 2012. Samfurin 2024 yana da allo inci 7, ɗigo 300 a kowane inci, nauyin gram 211, ma'ajiya 16GB, kuma da USB-C ake cajinsa. Allon ba ya watso haske cikin ido kamar na waya, ƙananan fitilu ne a gefe suke haska saman shafin, ana kuma iya karkata hasken zuwa ruwan ɗorawa da dare. A cikin rana tsaka rubutun yana fitowa raɗau. Ruwa ba ya kashe shi da wuri: an ce zai jure zurfin mita 2 na ruwan daɗi har minti 60. Batirin da aka ce yana kai mako 12, a san cewa lissafin karatun rabin awa ne a rana, Wi-Fi a kashe, haske a mataki na 13. Wanda ke karatun awa biyu kullum ya raba wannan adadin gida huɗu.

Babban amfaninsa shi ne abin da babu a cikinsa. Ba saƙo da zai faɗo, ba bidiyo, burauzar da ke ciki ma nawarta ta isa ta hana mutum yawo. A ƙasan shafi akwai ɗan rubutu da ke faɗa maka minti nawa ya rage babi ya ƙare, gwargwadon saurin karatunka. Abu ne ƙarami, amma mutum ya ga saura minti shida, da wuya ya rufe. Littattafan zaburarwa da yawa a babi na uku ake yar da su, wannan ɗan lissafin yana tsallakar da mai karatu.

Sai dai shafin farko na na'urar kanti ne. Kullum yana jero maka sababbin littattafai, saye kuma danna ɗaya ne, ga shi irin waɗannan littattafan sunansu kaɗai yana sa mutum ya ji kamar ya fara gyaruwa. Maganin shi ne a riƙa sauke samfurin kyauta, wanda yawanci kusan kashi goma cikin ɗari ne na farkon littafin, a karance shi kafin a biya. Bayan an sauke abin karantawa a kunna Airplane Mode. Batir ma zai ƙara daɗewa.

Yanzu ga inda aikin yake. Ja wa jimla layi yana da sauƙi: ka danna kalmar farko ka riƙe, ka ja yatsa zuwa ta ƙarshe. Sauƙin nan ne matsalar, domin sai mutum ya ja layi ɗari biyu a littafi guda, waɗanda ba zai sake dubawa ba. Rubuta naka tunanin kuwa, wanda shi ne ke sa darasi ya zauna, yana da wahala. Allon irin wannan yana jinkirin sauya hoto, don haka harafi yakan bayyana bayan yatsa ya riga ya wuce, kuskure ya yi yawa. Jimla ɗaya ana iya haƙuri, sakin layi kuwa azaba ce.

Inda layukan suke zuwa ya danganta da yadda littafin ya shiga na'urar, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Wanda aka saya a kantin Amazon, layukansa suna fitowa a shafin read.amazon.com/notebook, ana kuma iya turo su ta imel daga cikin littafin. Wanda aka aika ta Send to Kindle, hanyar Amazon ta tura naka fayil zuwa na'urar, wadda ta fara karɓar fayilolin littafi irin na EPUB a 2022, layukansa suna bin ka zuwa manhajar waya amma ba sa fitowa a wancan shafin. Wanda aka kwafa ta kebul daga kwamfuta, nasa suna nan cikin na'urar kaɗai, a fayil mai suna My Clippings.txt cikin jakar documents. Fayil ɗin nan tarawa kawai yake yi bisa jerin lokaci: littattafai a cakuɗe, layin da ka goge yana nan, wanda ka gyara ya fito sau biyu. Na'urar ta ɓace ko a mayar da ita sabuwa, ya tafi. Kwafe shi zuwa kwamfuta sau ɗaya a wata ba wahala ba ce.

Akwai kuma iyakar da masu buga littafi suke sawa kan yawan rubutun da za a iya kwafa. Idan ka ƙetare ta, layin zai ci gaba da bayyana a cikin littafin, amma a fayil ɗin sai ka tarar da sanarwar cewa ka kai iyaka maimakon jimlar. Mai yawan ja layi ne ke cin karo da wannan, yawanci bayan ya gama littafin.

Abu na farko da ya kamata a kashe shi ne Popular Highlights, a ƙarƙashin Aa, wato maɓallin saita rubutu a cikin littafi, sannan More. Yana sa ɗige-ɗige ƙarƙashin jimlolin da wasu masu karatu suka fi ja wa layi. A littafin neman ma'ana wannan shisshigi ne, domin an riga an nuna maka inda ya kamata zuciyarka ta motsa kafin ka kai wurin, alhali jimlar da ta dace da halinka tana iya kasancewa wadda ba wanda ya kula.

Tsarin da ya fi aiki shi ne a riƙe na'urar don karatu, a ajiye littafin rubutu na takarda a gefe. Kada layi ya wuce uku zuwa biyar a babi. Ƙarshen kowane babi a rubuta abu ɗaya da za a gwada, da lambar wurin, wato Location, tunda lambar shafi ba a kowane littafi take fitowa ba.

Littattafan da ke ɗauke da jadawali, zane da guraben cikewa ba su dace da shi ba. Jadawalin yakan ƙanƙance ko ya tsinke gida biyu, PDF kuma sai an yi ta ja da matsewa. Irin waɗannan a sayi na takarda. Wanda dole sai ya yi rubutu da hannu a kan na'ura, Kindle Scribe mai inci 10.2 da alƙalami, wanda ya fito a 2022, ya fi masa, ko da yake ya fi nauyi kuma ba ya jure ruwa. Samfurin Paperwhite Signature Edition mai 32GB da caji ba tare da kebul ba, mai karanta rubutu zalla ba ya buƙatarsa: 16GB yana ɗaukar dubban littattafai, sai dai idan na sauraro na Audible zai riƙa tarawa.