Na gwada giyabos na kwance, na dawo na gyara nawa na asali

Wata goma sha huɗu ke nan da aka mayar wa akori-kurata giyabos ɗinta na asali bayan an warware shi an sake haɗawa, kuma ina ganin na yi tafiyar da ta isa in faɗi ra'ayina a kan aikin. Motar Toyota Hilux ce ƙirar 1990, mai injin fetur 22R-E, mai ja da ƙafa huɗu. Giyabos ɗinta W56 ne, mai giya biyar na hannu, wanda kamfanin Aisin ya ƙera wa Toyota. Da ita nake ɗaukar kaya, kuma ba na jin kunyar cewa ina sonta.

Ciwon ya fara ne da wani gurnani. Idan mota tana tsaye a firi, inji na aiki, sai ka ji ƙara daga ƙarƙashin sandar giya kamar ana niƙa tsakuwa a nesa. Da na taka kuloci sai ƙarar ta ɗauke, da na saki ta dawo. A kan hanya kuma ana jin ta a giya ta ɗaya, ta biyu, ta uku da ta biyar, amma a ta huɗu shiru. Daga baya giya ta biyu ta fara ƙin shiga da safe sai da kartar haƙora, ta uku kuma ta riƙa fita da kanta idan na ɗaga ƙafa daga totur a gangara.

Shawarar farko da na bi ita ce ta sauyi. Aka ce mini warware giyabos ɓata lokaci ne, in nemi na kwance daga motar da aka farfasa a ɗora mini a yini ɗaya. Mai sayarwa ya juya mini shaf ɗin, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a ciki, da hannu, ya shigar da kowace giya, komai ya tafi sumul. A lokacin ban san cewa wannan gwajin kusan ba ya nuna komai ba. Boris, abin nan mai ƙwallaye da shaf ke juyawa a kansa, ko da ya ci ba ya kuka idan hannu ne ke juya shi, sai inji ya ɗora masa nauyi mai ya yi zafi. Zoben tagullar da ke daidaita gudun giya ma, ko da ya siɗe, zai bar giya ta shiga lafiya muddin babu abin da ke juyawa da gudu.

Matsalar farko ta fito tun kafin a tayar da mota. An yi W56 iri-iri tsakanin 1985 da 1995, kuma sunan ɗaya ba ya nufin jikinsu ɗaya ne. A na farko-farkon, ƙaramar sandar da ake sa ƙafa huɗu da ita tana fitowa ne daga saman akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. A na baya-bayan, irin nawa, an matso da ita gaba zuwa jikin giyabos ɗin kansa. Wanda na saya tsohon iri ne. Dole na haɗa da akwatin rabon ƙarfinsa, sannan aka yanke ƙarfen ƙasan motar aka faɗaɗa rami domin sandar ta samu wurin fitowa. Wannan yankan ya ƙona mini rai fiye da komai, domin daga ranar zafi da ƙura suka samu ƙofar shiga cikin mota. Aikin da aka ce na yini ɗaya ne ya ci kwana huɗu.

Ya yi mini aiki na wata biyar. A wata na shida ya fara irin gurnanin da na gudu daga gare shi, da na kwance murfin zubar da mai kuwa, maganaɗisun da ke jikinsa ya fito da gashin ƙarfe tsaitsaye, man kuma yana ƙyalli da garin tagulla. Ba na zargin mai sayarwar da yaudara, ina ganin shi ma bai san cikinsa ba. Abin da na saya shi ne giyabos mai shekara sama da talatin wanda ban san wanda ya tuƙa shi ba, ban san man da ya sha ba, ban san ko ya taɓa kwana cikin ruwa ba.

Sa'ar da na yi ita ce ban yar da nawa na asali ba. Na kai shi wurin wani bakanike da ba ya taɓa komai a mota sai giyabos da aksil, kuma wannan sharhin a kan aikinsa ne.

Tun kafin ya ɗauki sifana ya zaunar da ni ya yi mini tambayoyi. Da na ce masa ƙarar tana ɓacewa a giya ta huɗu, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Malam, ai ka gama gaya mini ciwon." Ya bayyana mini cewa a ta huɗu ƙarfin inji yana wucewa kai tsaye daga shaf ɗin shiga zuwa na fita, juyi ɗaya da juyi ɗaya, ba ya bi ta shaf ɗin ƙasa mai jerin haƙora. A sauran giyoyin kuwa sai ya ratsa ta can, haƙora suna ture juna gefe, boris ɗin suna ɗaukar wannan turin. Saboda haka ƙarar da ke yin shiru a ta huɗu kaɗai tana nuna boris ɗin gaba ko na shaf ɗin ƙasa. Ya ƙara da cewa da a ce ƙarar tana zuwa ne lokacin da na taka kuloci, to da boris ɗin kuloci za a tuhuma, ba a ma buƙatar buɗe giyabos. Babu wanda ya taɓa rarrabe mini waɗannan biyun kafin ranar.

Ya kira ni ranar da ya warware shi, ya ce in zo in gani da idona. Na tarar ya wanke komai ya jera a kan tebur bisa tsarin yadda suka fito, kowace giya da zobenta da washarta. Boris ɗin gaba ya yi ramuka-ramuka a hanyar da ƙwallayen ke bi. Ya ɗauko zoben tagullar giya ta biyu, wanda makanikai ke kira sinkiro, ya kifa shi a kan mazauninsa. Aikin wannan zoben shi ne ya zama ɗan birki: ya kama giyar ya daidaita gudunta da na shaf kafin haƙora su haɗu. Sabon zobe yana tsayawa da ɗan rata tsakaninsa da haƙoran giyar, shi kuma ya auna ratar da siraran ƙarafan awo. Nawa ya zauna daram, babu ratar da za a auna, wato ba ya kama komai. Na ga dalilin kartar haƙoran nan ta kowace safiya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne giya ta uku mai fita da kanta. Na ɗauka haƙoranta sun gama aiki. Ashe a ƙarƙashin sandar giya akwai wani ɗan mazauni da ƙwallon sandar ke zama a kai, kuma a tsofaffin Toyota yakan rugurguje da shekaru. Nawa ya zama gari. Idan ya tafi, sandar ba ta tura cokalin giya har ƙarshe, sai giyar ta shiga rabi, ta kuma fice da zarar nauyi ya sauya. Ana iya canza shi daga cikin mota ba tare da an sauke komai ba. Ya nuna mini haƙoran ta ukun, bakinsu ya ɗan dakushe saboda daɗewar da suka yi suna shiga rabi-rabi, amma ya ce za su yi. Zai iya cewa in sayi sabuwar giya, ba ni da ilimin da zan musa masa, amma bai faɗa ba.

Ya canza dukkan boris da sababbi ƙirar Koyo da Nachi, ya sa sababbin zobba, sababbin sil, robobin da ke hana mai yoyo, na gaba da na baya. Inda na ga bambancinsa da sauran shi ne wurin zobban makulli da ke riƙe boris a kan shaf. Toyota tana yin su da kauri daban-daban, ana zaɓar wanda zai cike gurbin ba tare da ya bar wasa ba. Mai gaggawa tsohon zai mayar ya rufe. Shi kuwa ya gwada, ya ga biyu sun yi sako-sako, ya dakatar da aikin har aka samo masu kaurin da yake so. A lokacin na ji haushin jiran. Yanzu da nake jin yadda sandar ke shiga ba tare da girgiza ba, na san abin da na jira.

Ya kuma nace a duba kuloci tunda giyabos yana ƙasa. Faifan ya kusa kai wa ƙusoshinsa, fulawil, ƙarfen bayan inji da faifan ke kamawa, ya yi tabon zafi, aka kai aka goge fuskarsa. Aka canza ɗan boris ɗin da ke tsakiyar gindin inji, wanda bakin shaf ɗin giyabos ke shiga ciki. Ya ce idan wannan ya lalace shaf ɗin yana lilo, kuma sabon boris ɗin gaba ba zai daɗe ba. Haka ya gano famfon kuloci na ƙasa yana yoyo, kuloci ba ya sakin inji gaba ɗaya, wanda shi ne ya sa zobban suka riƙa aikin da ya fi ƙarfinsu har suka siɗe. Da an ɗora gyararren giyabos a kan wannan famfon, da an koma gidan jiya.

Akwai abin da bai yi mini daɗi ba. Ya ce mako ɗaya, aikin ya kai mako uku, kuma ba ya kira sai ni na neme shi. Jiran kaya uzuri ne, amma mutumin da motarsa ce hanyar abincinsa ya cancanci a gaya masa gaskiyar lokaci tun farko. Na biyu, bai canza sil ɗin bayan inji ba alhali fulawil yana kwance a ƙasa, ya ce bai ga yoyo ba. Bayan wata bakwai ya fara ɗigo, kuma ba a kai wa gare shi sai an sake sauke giyabos gaba ɗaya. A injin da ya kai wannan shekarun ya kamata a canza shi ko ba a ga komai ba, kuma na gaya masa haka. Bai yi gardama ba, ya karɓi laifin, amma ɗigon yana nan ina lura da shi. Na uku, garantinsa na baki ne, bai rubuta mini komai ba, ko jerin kayan da ya sa sai da na roƙa.

A kan mai mun yi doguwar magana. Giyabos ɗin yana cin kusan lita 3, ya zuba 75W-90 mai lambar GL-4. Dalilinsa shi ne man GL-5 an yi shi ne musamman domin haƙoran aksil, yana da santsin da kan hana zoben tagulla kama giya da sauri. Ni dai abin da zan iya shaida shi ne da wannan man giya ta biyu tana shiga da sanyin safiya ba tare da na yi kokawa da ita ba. Ya koya mini kuma in fara kwance murfin zuba mai kafin na zubarwa, domin idan ka zubar da mai sannan na sama ya ƙi kwancuwa, ka tsayar da motarka da hannunka. Ya ce in dawo bayan ɗan gajeren amfani a zubar da man farko, na dawo, maganaɗisun ya fito da ɗan laushin toka kawai.

Yau motar shiru take a firi. Ta ɗaya zuwa ta huɗu suna shiga da yatsa biyu. Ribas yana ɗan karta idan na yi sauri, amma wannan halin W56 ne, ba a sa masa zobe a ribas ba, kuma idan na fara shigar da wata giyar gaba sannan na koma ribas ba ya yi. Ta biyar tana da ɗan siririn kuka idan gudu ya yi nisa. Ya gaya mini tun farko cewa haƙoranta sun ɗan ci kuma sabon boris ba zai goge wannan ba. Ta biyar giyar sauƙaƙa wa inji ce, shaf ɗin fita yana juyawa fiye da inji, kuma ni na daɗe ina hawan tudu da kaya a cikinta saboda tsimin mai. Yanzu idan akwai nauyi a baya a ta huɗu nake zama.

Wanda giyabos ɗinsa ya fashe, ko haƙora suka kakkarye, ko ba a samun kayan cikinsa, sauyi ne mafita, kuma ina ba shi shawara ya gwada lamba da tsarin sanduna da nasa kafin ya biya, ya kuma sa a buɗe na kwancen a duba tun yana ƙasa. Wanda nasa gurnani ne da kartar giya kawai, kamar nawa, ya kai shi a warware. Bakaniken nan zan sake kai masa aiki, kuma na riga na yi masa maganar akwatin rabon ƙarfin, wanda ya fara jiƙewa da mai ta wajen farfelar baya, sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya. Wannan karon na ce masa sai ya rubuta mini ranar gamawa a takarda, kuma tunda za a shiga ƙarƙashin motar, a sauke giyabos a canza sil ɗin nan na bayan inji a huta.